Tubalan Gidan Zawilski

Ni ke riƙe da mabuɗin cocin Wierzbiny.
Ya girme ni, ya girmi kakata Leokadia,
in na murɗa shi da asuba
ƙofar kan yi nishi irin na tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Ciki, ƙamshin kyandir da danshin bango.
Budurwa Maryamu na nan, fentin kumatunta ya kaɗe,
ga bencin gaba mai ƙyaure da sassaƙen barewa
wanda shekara tamanin ba wanda ya zauna.
Ba hani aka yi ba.
Ɗuwawunmu ne suka gaji kunya.

Daga bakin ƙofa itatuwa sun jeru biyu-biyu,
sun miƙe sak, kamar masu rakiyar gawa,
su kai ka gonar dankali, su tsaya.
Nan ne gidan yake.
Taga talatin da huɗu, in ji kakata,
ita ta san adadin, ita ke goge su.

Bara, lokacin da shamuwa ke haɗa kayan tafiya,
wani saurayi ya zo da hoto a aljihu.
Kajetan, ya ce, Kajetan Zawilski.
Harshenmu na yi masa tuntuɓe a baki.
Na sauka da shi ƙarƙashin bagadi
inda kakanninsa ke kwance a jere,
ya karanta sunaye da fitilar waya,
sannan ya ce: To, gidan fa?

Me zan ce?
Yaƙi ya ci rufin, dusar ƙanƙara ta ci dabe,
sauran kuwa mu ne.
Da dare, da amalanke, tubali-tubali,
kowa na ganin kowa, ba mai gaida wani.

Na ja shi cikin ƙauye.
Ga matakalarku, na ce, yara ke hawa su shiga aji.
Ga bangon ɗakin fiyano,
aladen Ignacy ke soshe baya da shi.
Ƙofar lambun tana gidan mai saƙa,
har yanzu ba ta rufuwa sai da duka.

Bai ce uffan ba.
Na ɗauka zai kira mu ɓarayi,
na ma tanadi amsa tun ina yarinya:
yatsun kakata da sanyi ya tanƙware
a bakin tagoginku.

Amma muka iso ɗakina, burodi ya nuna.
Ya dafa tandun, ya ji ɗumi,
ya ga hatimin barewa a jikin tubali ɗaya.
Ya daɗe hannunsa na wurin.
Na yanka masa gefe mai ɓawo, na shafa man shanu.
Ya ci a tsaye.

Ranar Lahadi na buɗe masa ƙyauren bencin gaba.
Ya dubi barewar, ya dube ni,
ya koma baya can kusa da Ignacy,
inda iska ke shigowa ta ƙasan ƙofa.