Bakwai Cikin Ɗari

Ƙarfe biyun dare a Kochi,
ruwa na dukan kwanon ɗakina
kamar mai bin bashi.
Fanka ta gaji, shayi ya huce,
ni da allon kwamfuta muna ta kallon-kallo.

Manhajar tawa ƙarama ce,
don mutum ɗaya na ƙera ta:
Baba, mai jirgin su,
mai tafin hannu kamar ɓawon kwakwa,
wanda ya shekara talatin yana lissafi a bayan kwalin taba
har gishirin teku ya cinye tawadar.

Ya ce jerin lambobi na sa shi jiri.
"Rejitha, nuna mini da ido,
yadda uwarki ke yanka kek ranar Kirsimeti,
kowa ya ga rabonsa."

Sai na zana da'ira.
Na ba man inji ja, don shi ne wutar gidanmu;
ya kwashe kusan rabin faifan, ko na gode bai ce ba.
Ƙanƙara shuɗi. Gyaran koma ruwan ɗorawa.
Bashin banki baƙi wuluk, ban ma yi shawara ba.
Maganin hawan jinin Mama ɗan siririn kore,
kamar ganyen da ya maƙale a haƙori.

Na danna, ta juya, ta buɗe,
amma ta ƙi rufe baki.
Ga giɓi a dama, sama kaɗan,
sai ka ce an zare yanka ɗaya kafin baƙi su iso.
Casa'in da uku.
Na sake tarawa. Casa'in da uku.

Kaina na fara zargi.
Na bi layukan umarni ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Na tuhumi ɗigo, na tuhumi kusurwa,
ɗari uku da sittin na raba, na sake rabawa,
na zagi wayar, na dawo na ba ta haƙuri.
Babu kuskure ko na ƙwayar gero.

Gab da asuba na buɗe rumbun bayanai.
Ga su nan a jere: duk ranar Asabar,
rupi ɗari takwas,
gurbin suna fayau.
Da'irata ba ta san inda ake ajiye marar suna ba,
sai ta matsa masa wuri ta yi shiru.

Da safe na tarar da Mama tana kankare kwakwa.
Na nuna mata giɓin.
Ba ta ɗago ba.
"Devassy," ta ce. "Bana shekara shida."
Sai na tuna jirgin da ya fita da mutum biyar
hadari ya dawo da huɗu.
Na tuna Thresia da ’ya’ya uku a gidan gindin gada,
da yadda Baba kan yi dare ranar Asabar
ya ce layin ƙanƙara ne ya yi tsawo.

Da yamma na miƙa masa wayar.
Ya daɗe yana kallo.
Ya dangwali jan da babban yatsa, ya yi tsaki:
"Wannan ɓarawon."
Ya yi wa koren dariya.
Da ya zo kan giɓin, yatsan ya tsaya a iska.

"In sa masa suna?" na ce. "Kyauta? Taimako?"
"Rabonsa ne," ya ce.
"Har gobe mu biyar ne a jirgin nan.
Ba a rubuta wa mutum sadaka a kan haƙƙinsa."

Daren nan na goge layin da na fara rubutawa,
wanda zai tilasta wa kowane kuɗi faɗin sunansa.
Na bar giɓin yadda na same shi,
fari, a buɗe, bakwai cikin ɗari.
Ta nan hasken allo ya fi fitowa.

Kafin asuba ruwa ya ɗauke.
Can bakin teku na jiyo injin Baba
ya yi tari sau biyu,
ya kama.