Ƙauyen Katako

A Kansas sun gina ƙauye da katako,
masallaci ba rufi, kasuwa ba ƙuda.
Nan Saje Whitlock ke koyon sallama,
harshensa na tuntuɓe kan Larabci.

Tsoho Kazim, da ya baro Basra da jaka ɗaya,
shi ne dagaci.
Kullum sai an harbe shi da harsashin wasa,
ya tashi, ya karkaɗe riga.

"Cire tabarau gaban babba.
Kada ka ƙi shayi, ko na uku ne."

Da la'asar motoci a jere,
ido kan kowace leda a bakin hanya.

Daren tafiya Kazim ya riƙe hannunsa:
"In kun bi ta layinmu,
duba min dabinon ƙofar gidana,
ko yana nan."