Ƙanƙarar Bolari

Ƙarfe huɗu na asuba firiza ta yi tari,
ta kama gunaguni a kusurwar ɗaki.
Na san an kawo wuta tun ban buɗe ido ba.
Na laluba leda ɗari da ashirin,
zoɓo da kunun aya,
kwance luɓus, ba wanda ya daskare tukuna.

Ƙanena Hammayo yana can kudu,
inda ake ƙona iska a samu lantarki.
Na ce masa a waya: kai yaro,
mu da aka raina da hayaƙi da tofi saboda iska,
yau kai ne makiyayinta?
Ya yi dariya har kuɗin wayarsa suka ƙare.

Da ya sake kira ya ce: Adda, saurara.
Gas ake ce mata, tana kwance a ƙarƙashin ƙasa
tun kafin a haƙa rijiyar farko a Gombe.
Ba ta da launi, ba a ɗibanta a ƙwarya.
Bututu ke kawo ta, mu cinna mata wuta,
zafin ya tura fukafukan ƙarfe su yi ta juyi,
injin niƙan Malam Barde wasan yara ne.
Juyin nan shi ke hawa waya,
ya keta daji, ya bar Jos, ya bar Bauchi,
ya sauka a bayan ƙofarki.

Na ce: to, ran Talata fa?
Kwana biyu cur, leda tamanin suka yi tsami,
na juye su a kwata,
kwata ta yi ja kamar an yi yanka.
Ya yi shiru.
Ya ce iskar ce ta ja baya a bututu,
inji uku suka kwanta.
Wasu sun ce bashi ne, wasu sun ce an fasa a hanya.
Mu ma a duhu muka ci tuwo, Adda,
a gindin injin.

Na rasa wanda zan yi wa Allah ya isa.

An ce mu ma muna da ita nan kusa,
wajen Kolmani, ƙarƙashin gonakin gero.
Wani lokaci in ina shara
nakan buga ƙafa a ƙasa, ko za ta amsa.

Yau dai wuta ta kai har azahar.
Ledoji sun yi tauri, suna ƙara kamar tsakuwa.
Babayo ya ɗaure kula a bayan keke
ya nufi Tashar Dukku.
Ya dawo ya ce wani direba ya sayi biyu,
ya sha ɗaya,
ɗayar ya ɗora a ƙeya ya lumshe ido.

Na so in aika a gaya masa
daga wace wuta wannan sanyi ya fito.
Sai firiza ta sake tari,
ta yi tsit.
Na rufa mata bargo biyu,
na hana kowa buɗewa.