Kwanar Kuka

Ran Asabar, bayan an kwashe shinkafa,
muka taru a faƙon da ke bayan Kalgo,
mu goma sha ɗaya, motoci tara.
Biyun sun zo kallo ne, da aron safana.

Ba gasa ba ce, in ji Arzika bakanike,
yana jera tsofaffin tayu a gefen hanya,
yana jingine buhunan buntu inda aka saba zamewa.
"Gwaji ne yau. Ba kofi, ba kuɗi, ba mai tafi.
Wanda ya zo da fushin gida ya kulle shi a but."

Jabbi ya zo da Golf da ya yanke wa salansa,
tana ruri kamar bajimin da aka raba da garke.
Nomau mai taki ya turo Marsandinsa
wadda ta girmi ɗansa na fari da shekara shida.
Luba daga aikin dare ta taho, daga asibiti,
da 'yar Sitalet fara da hular kwano ta aro.
Ta kifa ta kan ɗankwali, ba ta ce uffan ba.

Tawa Fijo ce, ta yayana marigayi.
Wata bakwai tana cin albashin koyarwata:
filogi, fanbel, lagireto daga Jega,
har maiɗakina ta bar tambaya,
sai ta dubi farcena, ta miƙo sabulu.

Alƙalin lokaci wani yaro ne da waya,
yana rubutu a bayan kwalin taliya.

Aka ɗaga jan ƙyalle.
Giya ɗaya, biyu, uku,
sitiyari na rawa a hannuna kamar kifin da bai mutu ba,
ƙasa na gudu, cikina ya koma baya,
warin mai da ɗumin inji na hawa ƙafata.
Miƙaƙƙiyar hanya kowa gwaninta ne.
Sai ga kukar.

Tana tsaye a kwana ta huɗu tun kafin a haifi Kalgo,
ba ta taɓa matsa wa kowa ba.
Na dube ta, na taka birki a makare,
bayan mota ya ce shi ma gaba yake so.
Na ga gabas, na ga yamma, na sake ganin gabas,
sannan buntu, buntu har cikin kunne.

Shiru.
Can sai dariyar Nomau, tun daga nesa.

Mutum biyar suka turo ni.
Jabbi ya ce taya ce, Arzika ya ce totur ne,
aka yi ta musu bonet a buɗe.
Luba, wadda ba a ji ƙarar motarta ba duk yini,
amma sunanta ke saman kwali,
ta leƙo ta taga tana shan ruwan leda:
"Malam, kukar kake kallo.
Mota ido take bi.
Dubi inda za ka fita."

Bayan la'asar na koma.
Kukar na nan, na san tana nan,
na ji ta a gefen fuskata kamar mai bina bashi.
Ban gaishe ta ba.
Na sassauta tun da wuri, na nemi tayar ƙarshe da ido,
Fijo ta kwanta, ta yi nishi, ta miƙe,
yadda take yi a hannunsa
in ya kai ni makaranta mun makara.

Minti biyu da daƙiƙa tara.
Na bakwai cikin tara.

Da muna tattara tayu na duba kwalin.
Yaron bai san sunana ba,
sai ya kwafi wanda ke rubuce a gilashin baya:
Bagudu.
Ya ce, "Ko in gyara?"

Na karkaɗe buntu daga hulata.
Na ce ya bar shi haka.