Tsakuwar da Ba Ta Faɗo Ba

Kakanmu kuza ya wanke a Dilimi,
da tafin hannu yake gane dutse.
To da mai kemis na Gangare ya ce wa Yaya Tasi'u
"tsakuwa ce a ƙoda,"
dariya muka yi, muka ce gado ne.

Aka ce ya sha ruwa. Ya sha.
Jarka guda a gefen sitiyari,
kabeji da karas a baya,
daga Farin Gada har Mararrabar Jama'a.
Aka ce lemun tsami. Aka ce jiƙon gemun masara.
In ya murɗa, allura biyu,
ya dafe kwiɓi, ya cije leɓe, ya tada mota.

Ni na sayo masa rariyar shayi,
'yar ja, ta roba,
don ya tare ta ranar da za ta faɗo.
Ya ce a kwalba zai sa ta,
'yan tasha su ga abin da ya durƙusar da namiji.

Damina ta zo, ta tafi.
Na ga ya huda bel da ƙusa,
ya sake hudawa.
Malmala guda ta fara fin ƙarfinsa.
Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa.
Muka ce gajiyar hanya, muka ce sanyin Jos,
muka ce shawara.
Baki ba ya rasa abin faɗa.

A Lamingo likitar ba ta yi sauri ba.
Ta daɗe tana duban hoton.
"Tun yaushe?"
Ya ce wata shida. Na ce sha ɗaya.
Ta ajiye biro.
Ƙoda garau, in ji ta, ko ƙwayar yashi babu.
Abin yana can bayan tumbi,
ya yi saiwa, ya miƙa reshe har hanta.

Daji.
Muna sunkuye muna tatar tsakuwa,
daji ya tsiro a bayanmu, ya cinye hanya.

A cikin keke ya yi shiru,
yana kallon tsaunukan Shere.
Can ya ce, "Ladiyo,
duk duwatsun garin nan,
a ce ban samu ko ɗaya ba?"

Bai kai azumi ba.

Rariyar na nan a ƙusar da ya huda bel.
Ba na tace shayi da ita.
Jiya Asabe mai ƙosai ta dafe kwiɓi,
ta ce tsakuwa ce, an gaya mata.
Na ɗauko mayafina.