Inda Yatsan Ya Nuna

Ranar Talata Rifkatu ta kawo shi shagona
daga Titin Faransa, nannaɗe cikin tsohon zani.
"Na babana ne, tun yana aikin reluwe.
Jikata ta buge shi da tsintsiya. Sa masa gilashi."

Ni mai firam ne. Takardar digiri na saba da ita,
da hoton biki, da aya mai ruwan zinare.
Ban taɓa riƙe mala'ika a hannuna ba.

Bugun inji ne, ya koɗe.
Na asalin, in ji ta, yana wata ƙasar sanyi,
mai zanen ya shekara ɗari uku a kushewa.
Na zare ƙusoshi. Gara ta ci kusurwa guda.

Mace ce zaune a ƙasa, ta juya wa ɗanta baya
don kada ta ga fitar ransa.
Salka a yashe, baki buɗe, ko ɗigo.
Bisa kanta saurayi mai fukafukan balbela
ya miƙa yatsa inda duhu ya fi kauri.

Na yi a'uziyya. Malaminmu na Soron Ɗinki
ya ce haske ba ya zanuwa, mai gwadawa ya yi shisshigi.
Ina nan kan maganarsa.
Amma matar nan na san ta
tun ina kan cinyar kakata.
A wajenmu gudu ta yi, sau bakwai, tsakanin duwatsu biyu.
Nan an zaunar da ita, an ba ta farar fata da jan mayafi.
Ƙishin dai bai sake ba.

Mai zanen bai san hamada ba, na rantse,
ga itatuwa lif kamar Falgore da damina.
Uwa kuwa ya san ta:
dubi yadda yatsun ƙafarta suka nutse cikin turɓaya.

Sagiru ya leƙo. "Oga, ina rijiyar?"
Muka goge da tsumma, muka kai bakin ƙofa. Babu.
Daidai nan garar ta yi kalaci.

Da la'asar na nuna wa Rifkatu ɓarnar.
Ta yi dariya. "Baba ma haka aka ba shi.
Cewa yake, wadda aka nuna wa ai ta gani."

Ta biya, ta rungume shi kamar jariri.
A waje ɗan garuwa na turo kura,
jarka goma sha biyu na kaɗawa.
Ta tsaya, ta ba shi hanya.