Wuƙa Ba Ta Ƙarya

Babana mahauci ne a mayankar Kumasi.
Shekara talatin yana raba nama da ƙashi,
ya san cikin saniya kamar yadda ya san hanyar gida.
Yakan ce: Barira, wuƙa ba ta ƙarya.

Ni ma yanka nake yi, Baba,
sai dai abin yankana wani lokaci bai fi ƙwayar wake ba.
In binne shi cikin kaki, in jira ya daskare,
in fere shi har ya fi ɓawon albasa siranta,
in shimfiɗa kan ruwan ɗumi ya miƙe,
in tsamo da gilashi,
in tsoma a rini kamar 'yar marina:
shuɗi ya kama cibiya,
ja mai haske ya kama saura.

Sai madubi.
A ƙarƙashinsa mutum gari ne.
Ga masu tsaron iyaka, kafaɗa da kafaɗa,
sahu ɗaya tak a huhu, don iska ta samu wucewa,
sahu bisa sahu a tafin ƙafa, inda tafiya ke ci.
Ga tsoka, zare mai ratsi,
kamar ƙyalle a masaƙar Bonwire.
Ta zuciya kuwa rassa ta yi,
kowace ta riƙe hannun 'yar'uwarta,
ba wadda ta taɓa neman hutu.
Kitse ɗakuna ne wayam,
mun wanke kayan ciki, bango kawai ya rage.

Ran da na ce masa jini dangin ƙashi ne,
su da guringuntsi gidansu ɗaya,
ya yi dariya har ya ajiye tsinken sakace.
Na ce: abin da kake kira jijiya, a wurinmu uku ne,
mai ɗaukar jini, mai ɗaure tsoka,
da mai kai saƙo,
doguwar wutsiya kamar wayoyin wuta a Aboabo.
Ya ce: duk dai mai saye cewa yake a cire masa.

Ranar Talata kwalba ta zo daga ɗakin tiyata.
Lamba nake karantawa, ba suna ba,
amma ido ba shi da linzami.
Fuseina, shekara hamsin da takwas, nonon hagu.
Mma Fuseina ta bakin lungunmu,
mai koko da ƙosai,
wadda tun ina 'yar firamare take yi mini gyara.

Sau biyu yankan ya yage a hannuna.
Na fita, na sha ruwa, na dawo.

Na san kamannin abin da nake tsoro:
sahu ya watse, cibiyoyi sun kumbura sun yi baƙi,
masu tsaro sun haura katanga
sun shiga gidajen mutane.
Na leƙa.
Na zaga gefe zuwa gefe,
na sake zagawa kamar mai neman allura a tsakar gida.

Kowa na wurinsa.
Sahu bai karye ba.

Amma faɗa ba nawa ba ne.
Dokta Boakye zai duba, ya sa hannu,
takarda ta bi layinta, kwana huɗu, wataƙila biyar.

Da asuba na tsaya gaban tukunyarta.
Tana zuba koko da hannun dama,
na hagu a manne da ƙirji.
Ta ce: 'yata, an ce wajenku ake kai abin.
Na ce: likita zai kira ki, Mma.
Ta dube ni. Na dubi ludayi.

Na sayi ƙosan da ya fi ƙarfin cikina,
na raba wa yaran lungu.
Baba yana kan benci yana wasa wuƙa.
Wuƙa ba ta ƙarya, Baba,
amma ba ka faɗa mini ba
cewa ita ma bakinta take kamawa.